Katin Abinci a Amurka: Wane Baƙo Ake Ba, Wane Ake Hanawa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun hira da tashoshin mota, musamman a bakin samari masu ɗokin fita waje. Wai a ƙasar Amurka ba a kwana da yunwa, domin da zarar baƙo ya sauka daga jirgi gwamnati za ta miƙa masa kati, ya riƙa shiga kanti yana ɗibar abinci kyauta. Masu yi wa mutane hanyar biza su ma sukan ƙara wa maganar gishiri, don uba ya saki jiki ya sayar da gona ko bijimin huɗa, ya biya wa ɗansa kuɗin tafiya.

Katin dai akwai shi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma babban mutum sabon zuwa da wuya ya same shi. Hukuma ba yunwar baƙo take fara dubawa ba. Takardar da ke hannunsa take fara dubawa, sannan shekarun da ya yi da ita, sannan mutumin da ya tsaya masa ya shigo ƙasar. Sai an wuce waɗannan ƙofofi uku ake zuwa kan maganar talauci. Ya kamata iyaye da 'yan'uwan matafiya su san wannan tun kafin a ɗaura kaya.

Asalin shirin

Manoma za su yi mamaki idan suka ji cewa Ma'aikatar Gona ta Amurka ce ke riƙe da wannan shiri. Dalili kuwa shi ne, daga matsalar manoma abin ya taso. A shekarar 1939 amfanin gona ya yi yawa ya rasa masaya, ga shi kuma birane cike da marasa aikin yi. Sai gwamnati ta fito da wasu takardu masu kama da kan sarki. Wanda ya sayi na dala ɗaya, sai a ƙara masa na rabin dala kyauta, ya sayi irin abincin da ya yi kwantai. Manomi ya samu kasuwa, talaka ya samu na sawa a tukunya. An fara a garin Rocesta, aka tsaya a 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1964 Shugaba Lindon Jonson ya sa hannu a dokar da ta mai da shi tsayayyen shiri.

Daga baya aka daina sayar da takardun, aka koma ba da su kyauta ga wanda ya cancanta. Zuwa 2004 duk jihohi sun bar takarda sun koma kati irin na cirar kuɗi a banki, a 2008 kuma aka sa wa shirin sunan SNAP. Gwamnatin tarayya ce ke zuba kuɗin abincin, jihohi ke karɓar masu nema su tantance su.

A 2024 mutane wajen miliyan 42 ne ke karɓa kowane wata, wato kusan mutum ɗaya cikin takwas na jama'ar ƙasar, kuma mafi yawansu 'yan ƙasa ne. Abin da ke faɗa wa kowane mutum a matsakaici bai kai dala 190 a wata ba, kimanin dala 6 a yini. Idan aka juya ta naira ko sefa sai a ga kamar dukiya ce. A can kuwa, dala 6 ba ta sayen kwano ɗaya a yawancin gidajen abinci. Katin na sayen hatsi da nama da madara da kayan miya, har da irin shuka na kayan lambu. Ba ya sayen sabulu ko magani ko dafaffen abinci mai zafi, balle taba da giya. Ba ya biyan kuɗin haya, wanda shi ne ke karya bayan baƙo.

Ƙofa ta farko: takarda

Baƙi a Amurka iri-iri ne a idon doka. Akwai mai bizar ziyara, akwai ɗalibi, akwai wanda ya zo aiki na ɗan lokaci. Duk waɗannan ba su da rabo a katin, ko da shekara goma suka yi. Wanda bizarsa ta ƙare ya ƙi komawa, da wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya, su ma ba su da shi. Wannan ba sabon abu ba ne, haka doka take tun shekaru masu yawa.

Wanda ake saurara shi ne mai takardar zama ta dindindin, wadda ake kira koren kati. Mutane kan same ta ta hanyar aure, ko ɗan'uwa na jini, ko wurin aiki. Da yawa daga Afirka ta Yamma kuma sun same ta ta cacar biza da dokar 1990 ta kafa, kodayake tun 2013 aka cire Nijeriya daga cikin ƙasashen da ke shiga, saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka ƙaura can.

Kafin 1996, mai koren kati da ɗan ƙasa kusan ɗaya suke a gaban shirin abinci. Ranar 22 ga Agusta 1996 Shugaba Bil Kilinton ya sa hannu a dokar gyaran tallafin jama'a, wadda ta cire yawancin baƙi masu halastacciyar takarda. Shi kansa ya faɗa a ranar cewa bai ji daɗin sashen da ya taɓa baƙi ba, amma dai ya sa hannu. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa katinsu, ciki har da tsofaffin da suka shafe shekaru a ƙasar.

Da kuka ya yi yawa, majalisa ta riƙa mayar da abin kaɗan-kaɗan. A 1998 aka mayar wa yara da tsofaffi da naƙasassun da ke zaune a ƙasar tun kafin dokar. A 2002, zamanin Shugaba Joj Bush ƙarami, dokar gona ta wannan shekara ta buɗe ƙofa ga duk mai takardar da ya cika shekara 5 da ita, da yara 'yan ƙasa da shekara 18, da naƙasassu masu karɓar tallafin naƙasa. A kan wannan tsari aka zauna fiye da shekara 20.

Sai kuma 4 ga Yuli 2025, da Shugaba Donal Turam ya sa hannu a wata babbar dokar haraji da kasafi. Ita ta sake tsuke ƙofar. Ta bar masu koren kati, da wasu 'yan Kyuba da Haiti, da mutanen wasu ƙananan ƙasashe uku na tsibiran tekun Fasifik da ke da yarjejeniya ta musamman da Amurka. Waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka. A da, ɗan gudun hijirar da aka kwaso daga sansani, a ce daga gabashin Cadi inda mutanen Darfur ke zaune, yakan samu katin tun watan da ya sauka, saboda an san hannu rabbana ya zo. Dokar 2025 ta cire shi har sai ya samu koren kati, shi kuwa koren katin ba ya da damar nemansa sai ya shekara guda a ƙasar, ban da jiran fitowarsa. Wato a daidai lokacin da iyali suka fi rauni, ba harshe, ba sana'a, ba sani, a nan aka janye musu tallafin. Ko mai goyon bayan tsuke kuɗin gwamnati zai yi wuya ya ce a nan ya dace a fara yanka.

Ƙofa ta biyu: shekaru

Samun koren kati ba ya nufin gobe a ba mutum abinci. Babba sai ya jira shekara 5. A nan mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Ba daga ranar da ƙafarsa ta taka ƙasar ake ƙirgawa ba, daga ranar da ya samu matsayin da doka ta amince da shi ne. A ce saurayi ya yi shekara 6 yana karatu da bizar ɗalibi, sannan ya samu koren kati. A wurin hukumar abinci ranar ce ranarsa ta farko.

Akwai waɗanda aka ɗauke wa jiran. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 mai koren kati ba ya jira. Mai karɓar tallafin naƙasa ba ya jira. Soja ko tsohon sojan Amurka da matarsa da 'ya'yansa ba sa jira. Ɗan gudun hijirar da daga baya ya samu koren kati shi ma ba ya jira, kodayake a ƙarshen 2025 sai da jihohi fiye da 20 suka kai gwamnatin tarayya ƙara kafin Ma'aikatar Gona ta fito ta fayyace hakan.

Akwai kuma hanyar aiki. Amurka na raba shekarar ma'aikaci gida huɗu, kowane kashi a kira shi zango. Wanda ya tara zango 40, wato aikin shekara 10, ya fita daga jira. Miji na iya haɗa nasa da na matarsa, ɗa kuma na iya ƙirga wanda iyayensa suka yi kafin ya cika 18. A 2025 sai mutum ya samu dala 1,810 ake rubuta masa zango ɗaya. Abin lura shi ne, aikin da aka rubuta aka cire masa haraji shi ne ke da shaida. Mai wankin mota ko mai kitso da ake biya hannu da hannu, ba takarda, yana iya shekara yana zufa amma littafin hukuma bai san da shi ba.

Ƙofa ta uku: mai lamuni

Wannan ƙofa ita ce ta fi haddasa rigima tsakanin 'yan'uwa, kuma ita ce ba a faye bayaninta ba. Duk wanda ya san kasuwar shanu ya san dillalin da kan tsaya wa baƙo: idan baƙo ya ɗauki kaya bai biya ba, dillali ake kamawa. Haka abin yake a nan. Tun Disamba 1997, wanda zai ɗauko ɗan'uwansa ko matarsa ko iyayensa zuwa Amurka sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa zai ɗauki nauyinsu. Sai kuma ya nuna cewa samunsa ya kai aƙalla kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin ƙasar, bisa yawan mutanen da ke wuyansa.

Wannan takarda ba ta alfarma ba ce, alkawari ne da kotu ke iya tilastawa. Idan baƙon ya cika shekara 5 ya je neman katin abinci, hukuma za ta ɗauko samun mai lamunin ta lissafa wani kaso nasa tamkar a aljihun baƙon yake, ko da kuwa ko sisi bai taɓa ba shi ba. Sau da yawa wannan lissafi kaɗai ke ɗaga mutum sama da iyaka, a ce masa bai cancanta ba. Idan kuma aka ba shi, doka ta ba hukuma damar ta bi mai lamunin ya biya abin da aka kashe.

Alkawarin ba ya warwarewa don an yi faɗa. Ko saki bai warware shi ba: mutumin da ya ɗauko mace, aure ya mutu, har yanzu nauyinta na kansa a takarda. Yana ƙarewa ne idan baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara zango 40, ko ya bar ƙasar ya saki takardarsa, ko ɗayansu ya rasu. Saboda haka idan ɗan'uwa a can yana jan ƙafa wajen sa wa wani hannu, ba lalle rowa ba ce. Yana iya yiwuwa ya karanta abin da takardar ta ƙunsa ne.

An yi sassauci a wuri biyu. Ba a lissafa wa yara samun mai lamuni. Haka kuma wanda mai lamuninsa ya yi watsi da shi har ya rasa ci da makwanci, ana iya duba abin da ke shiga hannunsa kawai, na tsawon wata 12. Amma a wannan hali hukuma kan aika sunansa da na mai lamunin ga gwamnatin tarayya, abin da ke sa mutane da yawa su haƙura.

Sannan a zo kan talauci

Wanda ya tsallake ƙofofin nan uku, yanzu ne za a auna shi da ma'aunin da ake auna ɗan ƙasa. Ba mutum ɗaya ake dubawa ba, gida ake dubawa. Gida kuwa a wurinsu shi ne mutanen da ke cefane tare suna cin tukunya ɗaya. Samari huɗu da suka haɗa kuɗin haya amma kowa da tukunyarsa, gida huɗu ne. Miji da mata da 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 22 da ke zaune tare, gida ɗaya ne ko da sun raba girki.

A ƙa'idar tarayya, samun gida kafin a cire komai kada ya wuce kashi 130 cikin 100 na ma'aunin talauci, kodayake jihohi da yawa sun ɗaga tasu iyakar. Ana sabunta adadin kowace shekara, kuma yana ƙaruwa da yawan baki a gida. Sai sharaɗin aiki. Lafiyayyen babba da ba shi da ƙaramin yaro, wata 3 kawai zai karɓa cikin shekara 3, sai fa in yana aiki ko koyon sana'a na awa 80 a wata. Dokar 2025 ta faɗaɗa wannan sharaɗi har zuwa masu shekara 64, ta kuma haɗa da iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai 14. Hoton mutum yana kwance gwamnati na ciyar da shi, ko ga ɗan ƙasa ba haka yake ba.

Ko wanda ya samu ma bai kamata ya jingina dukkan nauyinsa a kai ba. A Nuwamba 2025, lokacin da majalisa ta kasa amincewa da kasafi aka rufe ayyukan gwamnati kwana 43, kuɗin katin ya makara a jihohi da dama, iyalai suka yi ta layi a wuraren rabon sadaka.

Gida ɗaya, takardu daban-daban

A unguwanni irin su Buronkis da ke birnin Niyok, inda Hausawan zango daga Gana da mutanen Nijar da sauran 'yan Afirka ta Yamma ke da masallatai da shaguna, ba abin mamaki ba ne a samu gida ɗaya mai takardu iri uku. Uba na da koren kati na shekara 2, uwa bizarta ta ƙare, yara biyu kuma a can aka haife su. Tun 1868 tsarin mulkin ƙasar ya tanadi cewa wanda aka haifa a cikinta ɗan ƙasa ne. A Janairu 2025 Shugaba Turam ya ba da umarnin hana wannan ga 'ya'yan marasa takarda da masu zaman wucin gadi, kotuna suka tsayar da umarnin, magana ta kai Kotun Ƙoli.

A irin wannan gida, uba bai cika shekaru ba, uwa ba ta cikin lissafi, amma yaran da suke 'yan ƙasa suna da haƙƙinsu. Uwa ko uba na iya cika takarda a madadinsu, kuma takardar waɗanda ake nema wa ce ake tantancewa. Sai dai za a tambayi samun iyayen a sa shi a lissafi, kuma abin da zai fito na baki biyu ne, alhali baki huɗu ne za su ci.

Duk da haka iyaye da yawa ba sa zuwa, saboda tsoro. Tsoron kuma yana da tushe. Tun 1882 akwai doka a Amurka da ke hana shiga ga wanda ake ganin zai zama nauyi a kan gwamnati. A 1999 aka fayyace cewa katin abinci ba ya cikin abin da ake riƙe mutum da shi. A 2019 gwamnati ta sa shi ciki, aka fara aiki da hakan a Fabrairu 2020, aka daina a Maris 2021. A 2022 aka rubuta sabuwar ƙa'ida da ta sake cire shi, a Nuwamba 2025 kuma gwamnati ta gabatar da ƙudurin soke ita ma. Ga shi kuma a 2025 Ma'aikatar Gona ta nemi jihohi su miƙa mata bayanan masu karɓar katin, wasu jihohi suka ƙi har aka je kotu. Dokar da ke juyawa haka duk bayan 'yan shekaru, shawarar da maƙwabci ya bayar bara tana iya zama tarko bana. Wanda ke da maganar takarda a gaban hukumar shige da fice, lauya ya kamata ya tambaya kafin ya cika fom, kuma akwai ƙungiyoyin lauyoyi masu taimakon talakawa kyauta a manyan birane.

Wasu ƙofofin da ba a tambayar biza

Wanda aka hana kati ba shi ke nan ba. Akwai shirin mata masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, mai suna WIC, wanda ke ba da madara da ƙwai da hatsi da kayan lambu. An san shi da rashin tsananta tambayar takarda a kusan duk jihohi. Akwai abincin makaranta, wanda dokar 1946 ta kafa, ana ba yaro bisa samun gidansu. Akwai rumbunan sadaka na unguwa da na masallatai da majami'u. Wasu jihohi kuma, irin su Kalifoniya da Washinton, sun ware kuɗinsu tun bayan dokar 1996 suna ba wasu baƙi masu halastacciyar takarda waɗanda tarayya ta hana. Shi ya sa mutum biyu masu takarda iri ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, don kawai jihohinsu sun bambanta.

Neman katin kyauta ne, ba a biyan kowa ko kwabo, kuma wanda ba ya jin Turanci yana da damar neman tafinta. Ana amsa wa mai nema cikin kwana 30, ko kwana 7 ga wanda ba shi da komai. Wanda ya ɓoye samunsa ko ya yi ƙarya da gangan, ana dakatar da shi shekara 1 a karon farko, shekara 2 a na biyu, a na uku har abada. Sayar da katin a karɓi tsabar kuɗi, ko da don a aika gida ne, babban laifi ne: idan abin ya kai dala 500 an rufe wa mutum ƙofar ke nan, kuma shari'ar na iya taɓa takardar zamansa. Wanda kuma yake ganin an hana shi bisa kuskure, yana da kwana 90 ya nemi a saurari ƙorafinsa a gaban wani jami'i daban da wanda ya yanke hukuncin farko.